Ranar da Na Ga Ƙeyar Auta

Labari ɗaya na zo da shi Dubai, kuma shi ne duk jarina. Wasu sun zo da digiri biyu, wasu da sunan gidansu. Ni abin tinƙahona shi ne ƙanena, wanda ake nunawa a talabijin yana tsere da rigar ƙasa, bai taɓa wuce ni a gudu ba. Ko sau ɗaya. Duk wanda ya zauna da ni a unguwar Hor Al Anz ya ji labarin nan har kunnensa ya gaji, baƙon da ya shigo shan ruwa ma ba ya fita sai ya ji. In ana hirar ƙwallo sai in lallaɓa in karkato ta zuwa guje-guje, daga nan kuwa kowa ya san inda za a sauka.

Mu uku muke raba ɗaki a wani filat da ke saman shagon masu gasa gurasa, shi ya sa kayanmu kullum ƙamshin tanderu suke yi. Akwai wani Bazazzagi da ke aiki a kantin magani. Da yake ni Bakano ne, Allah ya haɗa ni da abokin wasa, ko tari na yi sai ya yi min sharhi. Sai wani dattijo ɗan Maraɗi, ɗan kasuwa, mai loda tayoyi da kayan gyaran mota a kwantena zuwa Kwatano. Shi ba mai yawan magana ba ne, sai shan shayi da kallon mutum ta saman tabarau. Ni kuwa a wani ofishin kago nake a Al Rigga, ina auna kwalaye ina liƙa musu takarda, tun safe har ƙafafuna su kumbura a takalmi.

Mu biyu ne wajen mahaifiyarmu. Ni ne ɗan fari, ƙanen nan nawa shi ne auta, mahaifinmu ya rasu tun yana goye. Wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san rabon ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yabona a gaban mutum ba, in zazzaɓi ya kwantar da ni sai ta aika maƙwabciya ta zo ta taɓa goshina. “Wannan yaron” ne sunana a bakinta. Auta kuwa a cinyarta ya girma, ƙanzon tukunya nasa ne, hantar kaza tasa ce. Na san kunyar ɗan fari ce, kowa ya gaya min. Sanin bai hana ni jin haushi ba.

Wuri ɗaya ne nake gaba da shi, filin sakandaren garinmu. Fili ne na jar ƙasa, ba layi ba komai, sai ranar gasa malamin motsa jiki ya barbaɗa toka a wurin tashi da wurin ƙarewa. Zagaye ɗaya ake yi, mita ɗari huɗu, tseren nan da bai kai dogo ba kuma ya wuce gajere, wanda ke barin mutum da ɗanɗanon jini a maƙogwaro. Da yake babu layi, da an hura usur kowa sai ya nufi gefen ciki, don nan hanya ta fi kusa. Akwai wata darbejiya a kwanar farko. Wanda ya riga kama ciki a gindinta, yawanci shi ke ci, kuma ni nake kamawa. Auta yakan zo kafaɗa da kafaɗa da ni har gindin darbejiyar, daga nan sai in ji numfashinsa ya koma bayan kunnena, a nan yake zama har a ƙare. Haka muka yi a makaranta, haka muka yi a gasar ƙaramar hukuma, haka muka yi da aka kai mu birni gwaji.

Daga baya rayuwa ta ce in zaɓa tsakanin gudu da tuwo. Ni ne babba, tuwon kuma ba nawa ne ni kaɗai ba, sai na rataye takalmi na nemo biza. Ban daɗe da tafiya ba labari ya fara biyo ni: Auta ya cinye na jiha, Auta ya cinye na ƙasa, an sa wa Auta riga. Mutane suka ce sabon koci ya samu. Ni na ce ai dole, tunda na ba shi wuri. Da dariya nake faɗa, amma a raina wata tambaya ce ke cina: in wanda ke bayana ya kai nan, ni da ina zan kai? Ita ke raka ni cikin metro kowace safiya, ina riƙe da ƙarfe, tumbina na gogar jakar wani.

A sanyin shekarar da aka fara ɗora haraji a kan komai a garin, har kofin shayi, Auta ya turo saƙo cewa yana tafe. An zaɓe shi zuwa babbar gasar ƙasashe ta cikin rufaffen fili, a wata ƙasar Turai, kocinsu kuma zai kawo su Dubai atisaye na 'yan makonni, don sanyin nan na shan iska ne kawai. Na je tarbarsa filin jirgi. Rabona da shi tun yana siririn yaro mai dogon wuya, sai ga wani ƙato ya fito yana tura jaka, yana tafiya kamar ƙasa ce ke ɗaga shi. Yana hango ni ya saki jakar ya tsuguna har ƙasa ya gaishe ni, Turawa na ratse mu suna kallo. Na ji daɗi ƙwarai. Na kuma ji haushin cewa ko tsugunon nasa ya fi nawa kyau, ni da yanzu sai na dafa bango nake tashi.

A otal aka sauke su, amma duk ranar Alhamis da yamma sai ya taho wurinmu ya kwana a kan darduma, mu yi Juma'a tare. A nan na gane abokan zamana munafukai ne. Bazazzagin nan da ke ƙirga min nama a miya, shi ne zai tuƙa tuwon semo da miyar kuka ya tura duk manyan tsoka gefen Auta. In na miƙa hannu ya ce, “Habibi, shwayya shwayya, bi a hankali. Tumbin nan naka ya kusa neman bizarsa daban.” Dattijo da bai taɓa tambayata aikina ba, shi ne ke jan Auta da hira kan abin da 'yan tsere ke ci da wanda ba sa ci. Masu gasa gurasa ma da suka ji labari sai da suka ɗauki hoto da shi, suka daina karɓar kuɗinsa. Ni shekara nawa ina sayen gurasarsu, ko gyara ba su taɓa yi min ba.

Sai saƙon Inna. Da yake kiran waya ta intanet ba ya tafiya a Dubai, saƙon murya ake turowa. Wata jikar maƙwabta ke riƙe mata waya, ita kuma ta zuba wa Auta addu'a mai tsawo, ta kira sunansa, ta kira sunan wasan da take kiransa da shi, ta ce ya rufe ƙirjinsa a ƙasar sanyi. Can ƙarshe, kamar wadda ta tuna ta bar tukunya a wuta, sai ta ce, “Ka gai da wancan.” Ni ne wancan. Auta yakan rage sautin wayar in ya ga ina kusa, wannan ragewar kuwa ta fi saƙon ƙona min rai.

Abin da ya hana in tsane shi, kuma shi ya fi ba ni haushi, ladabinsa ne. Ba ka samun inda za ka kama shi. Ba ya sa hannu a kwano sai na sa. In mun zo bakin ƙofa, ko lif, ko ƙofar metro, sai ya ja da baya taku ɗaya, ya ɗan sunkuyar da kai, ya buɗe tafin hannunsa na dama ya ce, “Bismillah, Yaya.” Sau ɗaya har ƙofar jirgin ta kusa rufewa ta bar shi a tasha. Bazazzagi ya ce masa ya yi hattara, metro ba ta san babba ba.

Juma'ar ƙarshe kafin su tashi, bayan mun ci abinci, dattijo ya tambaye shi yadda tseren cikin rufi ya bambanta da na waje. Auta ya jawo farantin da muka cinye, ya zagaya gefensa da yatsa. Ya ce filin ƙarami ne, rabin na waje, don haka sau biyu ake zagayawa. Kwanonin filin kuma a karkace suke kamar gefen farantin nan, mutum na gudu jikinsa a jirkice. A waje kowa na cikin layinsa daga tashi har ƙarewa, ba ruwanka da kowa. A ciki kuwa, in an fita kwana ta biyu akwai alama a ƙasa, daga nan kowa ya bar layinsa ya faɗo gefen ciki. Wanda ya riga kama ciki ya gama rabin aiki, don miƙaƙƙen wurin gajere ne, wuce mutum sai an sha wuya. Ya ce shi bai taɓa yin irinsa ba, wannan ne na farko. Ya kuma ce yana jin za a haɗa shi da wani tsohon hannu, ɗan wata ƙasar tsibiri, wanda yake ajiye hotonsa a waya tun yana makaranta. “Babba ne ƙwarai,” in ji shi.

Ni kuwa me zan yi in ba gyara zama ba. Na ce ai wannan tseren gindin darbejiya ne aka sa masa rufi, mu muka san shi tun kafin Turawa su gina masa ɗaki. Na ɗauko labarin daga farko, har da toka, har da usur. Auta na murmushi yana cewa, “Haka ne, Yaya. Wallahi haka aka yi.” Dattijo ya bar ni na kai aya, sannan ya dube ni ta saman tabarau ya tambaya, in na zo na ɗaya Auta na nawa yake zuwa. Na ce na biyu. Ya ce to ranar da ban ci ba fa, ai ba kullum ake kwana a gado ba. Na ce akwai ranar da na zo na uku a birni, ciwon ciki ne ya kama ni. Ya ce shi fa? Na ce na huɗu. Dattijo ya ce da Faransancinsu, “Bon,” ya kurɓi shayinsa. Auta ya tashi ya kwashe kwanuka, ni kuwa na ɗauka yabona aka yi.

Ranar tseren ta faɗo Juma'a. Safiya ce a can, a wurinmu bayan an sauko daga masallaci. Bazazzagi ya haɗa kwamfutarsa da talabijin, ya kuma gayyato duk Bahaushen da ya gani a sahu, ɗakinmu ya cika har bakin ƙofa, takalma sun tare hanyar maƙwabta. Ni aka ba kujera ɗaya da muke da ita, wai ni ne wan ango. Kowa na cewa Allah ya ba shi sa'a, ina cewa amin. Bakina na amin, zuciyata na cewa amma kada sa'ar ta yi yawa. Ina son ya yi abin kirki, don in ya yi, darajar labarina ce ke ƙaruwa. Amma ba na son ya yi nisan da ba wanda zai ƙara yarda cewa na taɓa shiga gabansa. Haka ƙyashi yake, ba ya son ka faɗi, ba ya kuma son ka tashi.

Zagayen tankaɗe da rairaya ne, na ɗaya da na biyu ke wucewa. Aka nuno su ɗaya bayan ɗaya. Ga tsohon hannun nan da gemunsa, jama'a na ta yi masa tafi. Ga Auta a layin da ke wajensa, ya ɗaga hannu kaɗan ya sauke kamar mai jin kunyar kyamara. Ɗaki ya ɗauki kabbara. Aka harba bindiga.

Ban taɓa ganin tashi irin wannan ba, kuma na faɗa ne ba don ɗan'uwana ba ne. Kwanar farko ya shanye ta, ta biyu ya hau gefen nan mai tudu ya gangaro kamar an tunkuɗo shi. Da suka iso alamar da ake barin layi, shi ne a gaba, ya ba mai gemu kusan rabin jiki. Kowa a ɗakin ya gani. Abin da ya rage kawai ya karkata hagu ya kama ciki. Sai ga mai gemu a ciki, Auta a bayansa, wani dogon Bature kuma ya zo ya toshe shi ta waje. Zagaye na biyu duk a cikin wannan akurkin ya yi shi. Ya yunƙura a miƙaƙƙen ƙarshe, fili ya ƙare kafin ya fita. Na uku ya zo, bai wuce ba.

Ɗaki ya ɗauki salati ƙasa-ƙasa. Ni kuwa, Allah na gani, wani sanyi ne ya sauka a ƙirjina. Har na fara shirya abin da zan ce, cewa matsalarsa ke nan tun yana yaro, ba ya iya kama ciki, na sha gaya masa. Na buɗe baki ke nan sai masu talabijin suka maido wurin a hankali, daga gaba, fuska da fuska.

Ga su nan suna tahowa, tsoka na rawa a kumatunsu. Daidai kan alamar Auta ya saci kallon hagunsa, ya ga wanda ke wurin. Sai ya ɗan sunkuyar da kai. Takunsa ɗaya ya gajarta. Hannunsa na dama da ke dunƙule ya buɗe, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sannan ya sake dunƙulewa. Mai sharhi na ta surutu da Turanci cewa rashin ƙwarewa ne, bai saba da cunkoso ba. Ni na san abin da na gani. Na gan shi a bakin lif, na gan shi a ƙofar metro. Kuma na gan shi ta wutsiyar ido a gindin darbejiya, sau ba adadi, ina ɗauka gajiya ce ke kama shi a wurin.

Bazazzagi ya ce, “Yaron nan bismillah ya yi wa mutumin.” Aka yi dariya kaɗan, irin ta jaje. Ban yi ba. Na waiwaya, muka haɗa ido da dattijo, ya kawar da kai ya shiga wanke kofunan shayi. Na tashi daga kujerar na ba wani, na ce zan sauka in sayo gurasa, alhali akwai ta a leda.

Kwanakin da suka biyo baya na yi ta gardama da kaina a wurin aiki. In ce kai, ido ne ke ruɗata, ai ni ma ina da gudu, malamin motsa jiki da bakinsa ya ce ba a taɓa irina a makarantar ba. Sai in tuna ranar ciwon ciki a birni. Ina gudu ina riƙe mara, mutum biyu suka wuce ni, Auta da ya fi su duka ƙarfi ya zauna a bayan kunnena har muka ƙare. Na auna kwalin wani Alhaji sau biyu, na liƙa masa takardar Accra alhali Kano za shi, sai da abokin aikina ya kama.

Jirginsu na komawa gida ta Dubai ya biyo, Auta ya nemi izini ya tsaya mana 'yan kwanaki. Ya zo a sanyaye, ba ya son a ɗauko zancen. Bazazzagi ya ce maganin baƙin ciki shan iska, ya karɓo motar haya, ranar Juma'a da sassafe muka nufi Hatta. Muka bar dogayen gine-gine, muka ratsa jan yashi, duwatsu suka fara tasowa baƙaƙe ƙirin ba ko ciyawa. Muka leƙa madatsar ruwa, iyalai na ta tuƙa ƙananan kwale-kwale, sannan muka gangara wajen gonaki muka sami inuwa. Dattijo ya kunna ɗan rishonsa ya ɗora buta. Na ce wa Auta ya zo mu taka.

Wata hanyar ƙasa ce miƙaƙƙiya tsakanin gonakin dabino, ruwa na gudu a ƙaramar magudana a gefe. Yana biye da ni taku ɗaya a baya kamar kullum. Na tsaya na tambaye shi me ya sa ya ba mutumin hanya. Ya ce ƙafa ce ta yi masa nauyi. Na ce kada ya raina min hankali, ni ma na yi gudun nan. Ya juya yana kallon magudanar.

“Wallahi, Yaya, ban san na yi ba. Jikina ne ya yi.”

“A gindin darbejiya ma jikinka ne?”

Ya tsuguna ya ɗebi ruwa ya wanke hannun da ba abin da ya taɓa shi. Na ce ina jira. Sai ya ba ni labarin, kansa a ƙasa. Wai shekarar da ya shiga sakandare, daren jajiberin gasar makaranta, ya shiga ɗakin Inna yana cika baki cewa gobe zai wuce Yaya, ya gwada a atisaye ya ga zai iya. Ya ɗauka za ta yi dariya ta shafa kansa kamar yadda ta saba. Sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce masa, “Yaron nan ba shi da uban da zai tsaya masa, komai na gidan nan kuma a kansa zai ƙare. Abu ɗaya gare shi da yake ɗaga kai da shi. In ka shiga gabansa a bainar jama'a, kada ka shigo min ɗaki.” Ya ce da farko da gangan yake ragewa, yana jin zafi. Daga baya ya zama ba sai ya tuna ba.

Inna ba ta taɓa zuwa kallon gudunmu ba. Ban ma san ta san wane ne ke ci ba. Ya kamata in ji daɗi, ga matar da ba ta taɓa kiran sunana ba ashe tana tsaye a bayana. Na ji wani abu mai kama da haka, can ƙasa. Amma abin da ya taso sama haushi ne. Haushinta, da ta ba ni kyautar da ta hana ni sanin iyakar ƙafata. Haushinsa, da ya fi ni gudu, ya kuma fi ni kirki, ya haɗa duka biyu bai bar min ko ɗaya ba. Ga shi kuma abin ya bi shi har ƙasar Turai ya tare masa hanya, a ranar da duniya ke kallo, kuma ko wannan bai ɗora min laifinsa ba.

Na nuna masa wani dabino da ya karkace can ƙarshen hanyar. Na ce daga nan zuwa can. Ya yi dariya ya ce haba Yaya, da silifas? Na ce ya cire. Na ƙwala wa Bazazzagi kira ya zo da murfin tukunya da cokali. Ya taho yana murna, wai yau zai ga Bakano ya faɗi, dattijo na biye da shi da kofi a hannu. Na ja layi a ƙasa da ƙafata. Auta na ta neman hanyar zillewa, wai gwiwata, wai zafin rana. Na dube shi na ce, “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka jira ni, ni ma kada ka shigo min ɗaki.” Murmushin ya bar fuskarsa. Ya ajiye silifas ɗinsa a gefe, ya jera su.

Bazazzagi ya ce yalla, ya buga murfi.

Na tashi da duk abin da ya rage min, kuma ba laifi, tsohuwar ƙafa ta tuna hanya. 'Yan takun farko yana kafaɗata, ina jin numfashinsa inda na saba jin shi. Har wata wawar murna ta fara kama ni. Sai na ji numfashin ya matso, ya zo daidai kunnena, ya wuce. Ba wani yunƙuri ya yi ba. Kawai ya daina riƙe kansa.

Ranar na fara ganin ƙeyar Auta yana gudu. Ashe wuyansa ba ya ko motsi, kafaɗunsa a sake, duga-dugansa na tashi har kusa da ɗuwawu, ƙura na bin sa ƙanana-ƙanana. A talabijin mutum bai fi yatsa ba, nan kuwa ga shi a gabana da ƙasar da muke takawa tare, yana ƙanƙancewa. Shekara da shekaru wannan abin na bayana, ina toshe masa hanya ina tinƙaho. Kyan gudun ya cika min ido, kishi kuma ya cika min ciki har na rasa wanda ke hana ni numfashi, shi ko tumbin. Ban tsaya ba dai. Na ja jiki har dabinon, don in na tsaya Bazazzagi ba zai bar ni in mutu da mutunci ba.

Na tarar da shi tsugune a gindin dabinon, ko haki ba ya yi sosai. Bai ɗago ya dube ni ba. Na dafa gwiwa ina neman iska, ɗanɗanon jinin nan ya dawo maƙogwarona kamar jiya na bar shi. Da na ɗan dawo hayyacina sai na ji ya ce, a hankali, “Ka yi haƙuri, Yaya.” Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Da muka juyo, ya ja da baya taku ɗaya zai buɗe hannu, na kama kafaɗarsa na tura shi gaba, muka koma wajen shayi ina bayansa. Bazazzagi ya buɗe baki zai fara, dattijo ya miƙa masa kofi ya ce ya sha tun da zafi.

Bayan Auta ya koma gida, wani sabon yaro ɗan Gusau ya zo neman aiki, aka kawo shi ɗakinmu cin abincin Juma'a. Ya ga hoton Auta da masu gurasa suka liƙa a shagonsu, an kuma ba shi labarina tun a masallaci. Muna cikin cin tuwo ya ce, “Yallaɓai, an ce kai ne kake kayar da shi a gudu?” Bazazzagi ya tsaya da loma a hannu. Dattijo ya dube ni ta saman tabarau. Labarin na nan a bakina, da tokarsa da usur ɗinsa da darbejiyarsa, ya saba fita ba sai an roƙe shi ba. Na haɗiye shi da tuwon, ya wuce da ƙyar.

Na ce, “Ni dai wansa ne.”